Yadda A Ke Wanke Injin Ban Ruwa Da Na Mota

Yanzu da ruwa ya janye daga fadamu, hunturu kuma ya kankama, duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta Acida zuwa Wurno da Goronyo, ko kuwa ya kama hanyar Rabah, abin da zai fara ji tun bai hango lambu ba shi ne ƙugin injuna. Albasa da tafarnuwa da alkama da shinkafar rani duk sun dogara ga waɗannan injuna, kamar yadda su kuma fatake suka dogara ga motocin da za su kwashe amfanin zuwa kasuwa. Saboda haka filin manoma na wannan mako zai yi magana a kan wani aiki da mutane su ke rainawa, watau wankin inji, gama yawancin injunan da su ke mutuwa tsakiyar rani dauɗa ce ta ke kashe su, waɗansu kuwa garin wankin ne a ke kashe su.

Noman rani tsohon abu ne a wannan yanki. Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello inda ya rasu a 1837, tana bakin fadamar gulbin Rima, haka Goronyo. Rabah kuwa, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana bakin gulbin Sakkwato. Kakanni da jigo da ƙwarya suka yi ban ruwa. Cikin shekarun 1980 ƙananan injunan fetur suka fara shigowa, aka gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, sa'an nan Shirin Fadama da aka soma a 1993 da taimakon Bankin Duniya ya yawaita rijiyoyin burtsatse da injuna a hannun talakawa. Injin da bakinsa ya ke inci 2 ya kan ja wajen lita 600 a minti guda, mai inci 3 kuwa wajen lita 1,000. Ba jigon da zai kama ƙafar wannan. Amma fa jigo in ya karye, a nan take a ke ɗaure shi a ci gaba da aiki. Inji in ya buga, sai an nemi bakanike da kuɗi da kwanaki, albasa kuwa da ta fara ƙwai, ko shinkafar da ta fara fid da kai, ba ta jiran kowa.

Abin Da Dauɗa Ta Ke Yi Wa Inji

Ƙaramin injin ban ruwa ba shi da lagireto irin na mota. Iska ce kaɗai ta ke sanyaya shi. In an duba kansa za a ga waɗansu tsage-tsage kamar haƙoran mataji, a gefe kuma inda a ke jan igiya akwai fanka a ɓoye wadda ta ke hura iska ta cikin tsagogin nan ta kwashe zafi. To, mai ya kan ɗan tsattsafo daga inji, ƙurar hunturu ta sauka a kansa, su haɗu su zama wani baƙin danƙo. Ƙaiƙayi da ciyawa su maƙale a ciki. Kafin a ankara tsagogin sun toshe, inji ya zama kamar mutumin da aka lulluɓe da bargo a watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ya kan wuce digiri 40. Zafi in ya yi yawa man inji ya kan tsinke ya zama kamar ruwa, ya kāsa tsare ƙarfe daga cin ɗan'uwansa, daga nan sai zobban fistan su gaji, inji ya fara hayaƙi da shan mai, ƙarshe ya buga.

Ɓarna ta biyu ita ce ta matatar iska. Inji numfashi ya ke yi kamar ɗan Adam. In matata ta toshe da ƙura, iska ba ta isa, sai inji ya riƙa shan fetur fiye da kima, ya yi baƙin hayaƙi, filogi ya yi baƙi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowane manomi ya san zafin kuɗin lita guda, bai kamata a bar ƙura ta riƙa shan nata rabo ba. Waɗansu kuma in matata ta toshe sai su cire ta su yar, su ce inji ya fi ƙarfi haka. Gaskiya ne zai yi ƙarfi na 'yan kwanaki, amma rairayin da ya ke haɗiya yana goge cikinsa kamar yadda a ke wasa wuƙa a dutse.

Ta uku kuwa, dauɗa tana ɓoye ciwo. Inji mai tsabta in ya fara ɗigar mai ko fetur, ko noti ya kwance, nan da nan ido zai gani. Wanda danƙo ya rufe sai ranar da ya tsaya a ke sanin ya daɗe yana ciwo.

Abubuwa Uku Da Za A Kiyaya

Na farko zafi. Kada a kuskura a wanke inji yana da zafi. Ƙarfen da ya yi zafi in aka kwara masa ruwan sanyi ya kan tsage, kamar tukunyar ƙasa da aka sauke daga wuta aka tsoma a ruwa. Kan inji da salansa su ne suka fi saurin tsagewa, su ne kuma su ke ƙona hannu. A kashe inji a bar shi ya huce har mutum ya iya ɗora tafin hannunsa a kai ya bar shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe kafin a tayar da shi.

Na biyu fetur. Al'adar da ta fi kowace muni ita ce wanke inji da fetur. Fetur yana cin danƙo da sauri, shi ya sa a ke sonsa, amma tururinsa ne ya ke kama wuta, yana kuwa fid da tururin nan ko da cikin tsananin sanyi. Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya watse, sai ya kwanta a ƙasa ya riƙa malala kamar ruwa har ya tarar da wutar mai shayi, ko guntun taba, ko garwashin da aka hura don jin ɗumi, wutar ta biyo shi a guje har zuwa kwanon da hannun mutum ya ke ciki. Kananzir da man gas ba su da wannan gaggawa, sai sun yi ɗumi su ke fid da tururin da zai kama. Su ya kamata a yi aiki da su, su ma a nesa da wuta. Haka kuma a bar zuƙo fetur da baki ta tiyo, gama in ya sarƙe mutum ya shiga huhu ya kan jawo ciwo mai tsanani.

Na uku ruwa. Inji yana jan ruwa, amma cikinsa ba ya shiri da ruwa. Wurare huɗu ne ruwa ba ya shiga: matatar iska da kafireta, bakin salansa, filogi da wayarsa, da kuma ramin zuba mai. Ruwa in ya shiga inda fistan ya ke, ba ya matsuwa kamar iska, in aka tayar da inji a haka ƙarfen da ya ke riƙe da fistan ya kan lanƙwashe. In kuwa ya gauraya da man inji, man ya kan koma fari-fari kamar kunu, ya daina aikinsa. Masu juya bakin tiyon ban ruwa su feshe injin da shi yana cikin aiki, su sani garin neman gira za su rasa ido.

Wurin Da Za A Yi Wanki

A ɗauke inji daga bakin gulbi ko bakin rijiya, a kai shi tudu, fili inda iska ta ke kaɗawa, nesa da bukka da tarin kara da wurin dafa abinci. A shimfiɗa tsohon buhu ko kwali, a ɗora faranti ko rabin jarka a ƙarƙashi don ya tare abin da zai zuba. Dalili kuwa shi ne, baƙin mai guba ne ga ƙasa da ruwa. Masana sun ƙiyasta lita guda tana iya ɓata ruwan sha lita miliyan guda. Ruwan da ya ke ƙarƙashin fadama kusa ya ke, shi ya sa a ke samunsa da gajeren bututu, to, abin da aka zubar a sama shi ma ba ya daɗewa ya ke isa gare shi. Gulbin Rima kuwa da shi masunta su ke ci, shanun Fulani su ke sha, shi ne kuma ya ke gangarawa da ruwan madatsar Goronyo zuwa birnin Sakkwato inda a ke tace shi a sha. Direban da ya tura motarsa cikin gulbi don ya wanke inji ya cuci na ƙasa da shi, ya kuma cuci motar. Baƙin man da aka juye a tara shi a jarka mai murfi a kai wa kanikawa. Kada a zuba shi a fangali, kada kuma a shafa wa dabba a gyambo.

Kayan aikin ba su da tsada: tsohon buroshin haƙori da wani buroshi mai ɗan tauri, tsinke ko siririn itace, tsummoki, kananzir kamar cikin gwangwanin madara biyu, garin sabulu, bokitin ruwa, ledoji da igiyar roba, da bokitin rairayi a ajiye kusa saboda wuta. Mai wanki ya tuɓe babbar riga da rawani, ya naɗe hannun taguwa. Yara su tsaya nesa.

Wankin Injin Ban Ruwa

Da fari a kashe makunni, a rufe famfon fetur, a zare hular filogi don kada inji ya tashi da kansa in an juya shi. In inji irin wanda aka mayar mai aiki da gas ɗin girki ne, kamar yadda manoma da yawa suka yi bayan tsadar fetur, a rufe kan tukunyar gas, a kwance tiyonta, a kai ta inuwa can nesa. A cire tiyon jan ruwa da na turawa.

Sa'an nan a fara da busasshen wanki, gama shi ne rabin aikin. A kakkaɓe ƙura da buroshi. A kwance notocin murfin da igiya ta ke ciki, a cire shi, za a tarar da fanka da abin da ta tara na ciyawa da ƙaiƙayi, wani lokaci har da gidan zanzaro ko sheƙar ɓera in inji ya daɗe a ajiye. A bi tsagogin kan inji ɗaya ɗaya da tsinke a fid da danƙon da ya ke ciki. Da itace a ke yin wannan, gama ƙusa ko wuƙa tana karya tsagogin.

Bayan haka a ɗaure leda a kan matatar iska da kafireta, a toshe bakin salansa da tsumma, a tabbata murfin mai da na fetur a ɗaure su ke. A tsoma buroshi a kananzir a goge wuraren da danƙo ya kama, a bar shi ya jiƙa kamar minti goma, a share da tsumma. Abin da ya rage a bi shi da tsumman da aka tsoma a ruwan sabulu aka matse, sa'an nan da na ruwa zalla. Ba a kwara ruwa, shafawa a ke yi. A goge da busasshen tsumma, a cire ledoji da abin da aka toshe salansa da shi, a bar inji a rana ya sha iska kamar sa'a guda.

Matatar iska kala biyu ce a yawancin injuna. Ta soso a ke wankewa da ruwan ɗumi da sabulu, a ɗauraye, a shanya ta bushe sarai, a ɗiga mata sabon man inji, a matse har ya zama ba ya ɗiga, a mayar. Ta takarda kuwa ba ta son ruwa ko kaɗan, bubbuga ta a ke yi a hankali a kan itace ƙura ta zube, in ta yi baƙi ƙwarai ko ta huje a sake sabuwa. Littafin da kamfanin Honda ya ke haɗawa da ƙananan injunansa ya ce a gyara matata bayan kowace sa'a 50 ta aiki, a kuma yawaita in wurin mai ƙura ne. A fadamun Rima da hunturu, wannan ya zama kowane mako ke nan.

Tun da an riga an zare hular filogi, a kwance shi a duba. In bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, inji lafiya lau. In ya yi baƙi da kunkunniya, matata ta toshe ko kafireta tana ba da fetur da yawa. In ya jiƙe da mai, zobba sun fara gajiya, a nemi bakanike tun abin bai yi nisa ba. A goge shi da buroshin waya, a mayar da hannu tukuna kafin a sa sifana, don kada a ci zaren.

Ranar wanki ita ce ranar duba mai. Cikin irin waɗannan injuna kaɗan ya wuce rabin lita, saboda haka ɗan abin da ya ragu yana da yawa. Ƙa'idar masu ƙera su ita ce a yi wa sabon inji juye bayan sa'a 20 ta farko, daga nan kuma kowace sa'a 100. Shi juye an fi son a yi shi inji yana da ɗan ɗumi don man ya zubo duka, to, sai a yi shi da yamma bayan an tashi aiki, wanki kuma da safe.

Saura ɓangaren da ya ke jan ruwa. A kwance toshiyar ƙasa a zubar da ruwan ciki, a ɗauraye laka da rairayi, a wanke rariyar bakin tiyo. Amma a tuna, kafin a sake tayar da inji lalle a cika wannan ɓangare da ruwa ta toshiyar sama. In ya yi gudu a bushe ko na ɗan lokaci ne, abin da ya ke tare ruwa tsakaninsa da inji ya kan ƙone, daga nan sai yoyo. Mai aiki da gas in ya mayar da tiyo ya shafa kumfar sabulu a mahaɗa, in ta yi ƙwai to gas yana fita. Ba a gwada wannan da ashana. Masu injin hasken rana su kuma nasu wankin mai sauƙi ne: ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi a kan faifan da sassafe kafin ya yi zafi, ban da taɓa akwatin wayoyi da ruwa.

Wankin Injin Mota

Motocin da su ke jigilar albasa da tafarnuwa daga Wurno da Goronyo da kasuwar Acida, daga akori-kura har zuwa manyan motocin da su ke nufar Kudu, su ma ƙa'idarsu ɗaya ce, sai dai kayan wutarsu sun fi yawa. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a sa wa taya waigi, a zare mabuɗi a sa aljihu. A buɗe bonet a tokare shi da kyau, a bar inji ya huce. Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, gama ruwan ciki a matse ya ke, zafinsa ya kan wuce na tafasasshen ruwa, in ya sami hanya sai ya yi tsiri ya wanke fuskar mutum.

A cire kan batir, a fara da na ƙasa, watau mai alamar ɗebewa, wanda wayarsa ta ke haɗe da jikin mota. In an zo mayarwa shi ne na ƙarshe. Dalili shi ne, in aka fara da mai alamar tarawa sifana ta taɓa jikin mota, wuta za ta yi tartsatsi, batir kuwa yana fid da wata iska mai kamawa. Cire batir yana kuma tsare hannu, gama fankar waɗansu motocin zamani ta kan tashi da kanta ko mota tana kashe. Farin garin nan da ya ke taruwa a kan batir na ruwan batir ne, yana cin fata da tufa. A jiƙa 'yar kanwa a ruwa a goge shi da buroshi, za a ga yana kumfa, kanwar ce ta ke kashe kaifinsa. A kula kada ruwan kanwa ya shiga cikin batir ɗin. In ya bushe a shafa ɗan giris.

A ɗaure leda a kan altaneta, da akwatin fis, da dilko da kwil in mota tana da su, da bakin matatar iska. Motocin zamani suna da wani akwati da kanikawa su ke kira ƙwaƙwalwar mota, da ƙananan mahaɗan waya masu yawa. Ruwa in ya shige su mota ta kan ƙi tashi, ko ta riƙa fizga, gyaran kuwa da tsada. Shi ya sa bai kamata a bar masu wankin mota su saita bakin injin feshi mai ƙarfi a kan waɗannan wurare ba. Ƙarfin ruwan yana kutsawa inda ruwan sama ba ya shiga, yana kuma wanke giris daga inda a ke bukatarsa.

Sauran aikin kamar na injin ban ruwa ne: buroshi a bushe, kananzir ko ruwan sabulu a kan danƙo, ɗauraya da ruwa kaɗan daga buta, goge da tsumma. Kada kananzir ya taɓa fanbel da tiyoyin roba, yana sa su kumbura su ruɓe, fanbel kuma ya riƙa santsi. Lagireto ya kan cika da ƙaiƙayi da ɓawon albasa da ƙwari. A zuba masa ruwa a hankali daga bayansa, watau ta wajen inji, don dauɗar ta fita ta inda ta shigo. Ba a sa masa tsinke ko buroshin waya, gama ganyensa ba shi da ƙwari. In an gama a cire ledoji duka, a ƙirga tsummoki da sifanu don kada a manta wani a ciki, a bar bonet a buɗe inji ya bushe, sa'an nan a mayar da batir a tayar da mota ta yi kamar minti goma a tsaye. A fili za a tayar da ita. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata iska mai kisa wadda ba ta da wari ba ta da launi, ta kuwa sha hallaka mutanen da suka tayar da inji ko janareta cikin ɗaki ko shago a rufe.

Wata al'ada da ya kamata a bari ita ce shafe inji da baƙin mai ko man gas bayan wanki don ya yi ƙyalli. Ƙyallin na yini guda ne, kashegari ƙura ta manne fiye da da. Mai sayen tsohuwar mota ko tsohon inji shi ma ya lura: injin da aka wanke tas ranar ciniki ba ya nuna inda ya ke yoyo. A sa a tayar da shi ya yi rabin sa'a yana aiki, a sake dubawa, kada a yi wa rogo kallon kitse.

In Tsautsayi Ya Auku

Wutar fetur ba a kashe ta da ruwa, gama fetur yana tasowa kan ruwa ya bi shi ya yaɗu. Da rairayi ko ƙasa a ke danne ta, ko jiƙaƙƙen buhu. Wanda tufarsa ta kama kada ya yi gudu, ya faɗi ya yi birgima a lulluɓe shi. Ƙuna a riƙa zuba mata ruwa mai tsabta mai sanyi har wajen minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti. Kada a shafa mata baƙin mai ko ɗanyen ƙwai ko toka. Ruwan batir in ya fantsama a ido a yi ta wanke shi da ruwa mai yawa ba ƙaƙƙautawa, a nufi asibiti nan da nan.

Ajiyar Ƙarshen Rani

In an kwashe amfani, damina ta gabato, a yi wa inji babban wanki kafin a ajiye. A yi juye, a tsiyaye fetur daga tanki da kafireta, gama in ya kwana watanni ya kan zama danƙo ya toshe ƙananan hanyoyi. A zubar da ruwan ɓangaren jan ruwa. A cire filogi a zuba sabon mai cikin ƙaramin cokali a ramin, a ja igiya sau biyu ko uku a hankali, a mayar da filogi. A kai inji gida a ɗora a kan benci a rufe da buhu. Kada a bar shi a bukkar fadama. Mutanen Goronyo da Wurno ba su manta da ambaliyar watan Satumba na 2010 ba, sun san yadda Rima ta ke cika a dare ɗaya. Injin da ruwa ya ci kuwa kada a gwada tayar da shi. A cire filogi a ja igiya ruwan ciki ya fita, a zubar da mai da fetur, a wanke kafireta, a zuba sabon mai, in ya tashi ya ɗan yi aiki a sake juye har man ya daina fari.

Abu na ƙarshe ya shafi fatake masu ba da injuna haya ko bashi, da akawunan ƙungiyoyin manoma. Inji mai iyayengiji da yawa shi ne ya kan rasa mai wanke shi, kowa yana zaton wani ya yi. Maganin wannan ɗan littafi ne na aljihu: a rubuta ranar da aka yi juye, ranar da aka gyara matata, sa'o'in da inji ya yi kowace rana, da sunan wanda ya ke hannunsa. In an ƙayyade safiya guda a mako, misali ta Jumma'a kafin a tafi masallaci, aka ce ita ce ta duba inji, aikin ba zai wuce sa'a guda ba, ban da lokacin shanya. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba da rani mai albarka, ya tsare manoma da direbobi daga tsautsayi, amin.